Rashin Haihuwa da Hanyoyin Neman Magani: Bayani ga Jama'ar Damari da Kewaye

Gabatarwa

Damari na ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, kuma yanayin zaman iyali a can ɗaya ne da na garuruwa da ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara. Akasarin jama'ar yankin manoma ne da makiyaya, waɗanda ke ɗaukar yawan 'ya'ya a matsayin arziki da rufin asirin tsufa. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu na shekarar 2018 ya nuna cewa matsakaicin haihuwar mace a Jihar Katsina ya kai 7.3, mafi yawa a duk faɗin Nijeriya a wancan lokaci, alhali matsakaicin ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. A inda haihuwa ta yawaita haka, matar da ta shekara uku ko huɗu a ɗakin miji ba ta ko yi ɓatan wata ba tana cikin tsaka mai wuya, domin kowane taron suna a unguwa tuni ne a gare ta.

Manufar wannan bayani ita ce fahimtar da magidanta da matan aure da masu riƙe da al'amuran jama'a cewa rashin haihuwa lalura ce ta jiki, wadda kan iya kasancewa a wajen miji ko a wajen mata ko su duka biyu. Da yawa daga cikin musabbabanta ana iya kauce musu ko a magance su, kuma babbar asarar da ma'aurata ke tafkawa ita ce shekarun da suke ɓatawa kafin su je a auna su tare.

Ma'anar rashin haihuwa

A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa ma'aurata na da matsalar haihuwa ne idan suka cika wata 12 suna saduwa a kai a kai, ba tare da amfani da wata hanyar tazarar haihuwa ba, kuma ciki bai shiga ba. Kafin cikar wannan lokaci babu dalilin tayar da hankali, domin kimanin 8 cikin kowane ma'aurata 10 kan sami ciki a shekarar farko, wasu daga cikin ragowar kuma a shekara ta biyu. Sai dai macen da ta kai shekara 35 ana so ta nemi likita bayan wata 6 kacal, saboda yawan ƙwanta da ingancinsa na raguwa da ƙaruwar shekaru.

Lalurar iri biyu ce. Akwai wadda ba ta taɓa ɗaukar ciki ba ko sau ɗaya, akwai kuma wadda ta taɓa haihuwa ko ɓari sannan abin ya tsaya. Iri na biyun ya fi yawa a ƙasashen Afirka, domin sau da yawa wata cuta ce da ta biyo bayan haihuwar farko ko ɓarin farko ke rufe hanyar ta biyu. Matsalar mai yawan ɓari da ta mai wabi daban suke da wannan, amma su ma asibiti ne wurin binciken su. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai shida a duniya kan fuskanci rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta.

Yadda ciki ke shiga

Mace na da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, dama da hagu, kuma kowace na kusa da bakin wani siririn bututu da ya dangana da mahaifa. Sau ɗaya a wata ƙwai guda kan nuna ya fito ya shiga bututun, inda yake haɗuwa da ƙwayar maniyyin namiji, sannan abin da aka samu ya gangara cikin mahaifa ya maƙale. Ƙwan kan fito ne kimanin kwana 14 kafin zuwan al'ada ta gaba, kuma ba ya wuce kwana ɗaya da rai, alhali ƙwayoyin maniyyi kan iya kai kwana 5 a jikin mace. Ke nan kwanakin da ciki ke iya shiga ba su wuce shida ba a kowane wata. Ga macen da al'adarta ke zagayowa duk kwana 28, waɗannan kwanaki kan faɗo ne tsakanin rana ta 9 da ta 14, idan aka fara ƙirga daga ranar da jini ya fara zuwa.

Wannan lissafi na da muhimmanci a yankinmu. Magidancin da ke tafiya cin rani Kaduna ko Abuja ko Legas, ya dawo gida kwana uku bayan wata biyu, yana iya shekara bai dace da waɗannan kwanaki ba. Haka nan mai mata huɗu da ke raba kwana bibbiyu, kowace daga cikinsu kan jira kwana shida kafin girki ya dawo kanta. Likitoci na ba da shawarar saduwa duk bayan kwana biyu ko uku, kuma a gidan da ke da fahimtar juna abokan zama na iya musayar kwana bisa yardar kowacce. Abin lura kuma shi ne, ƙwayar maniyyin namiji ce ke ɗauke da abin da ke sa jariri ya zama namiji ko mace, saboda haka ɗora wa uwa laifin haihuwar 'ya'ya mata zalla ba shi da tushe.

Musabbabai daga ɓangaren mace

Toshewar bututun mahaifa ita ce kan gaba. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙasashe 25 tsakanin 1979 da 1984 ya gano cewa kusan rabin matan Afirka da aka duba saboda rashin haihuwa dukkan bututunsu biyu a toshe suke, alhali a ƙasashen da suka ci gaba adadin bai wuce kimanin ɗaya cikin goma ba. Ƙwayoyin cuta ne ke haddasa toshewar, kuma hanyoyin shigarsu sanannu ne: ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa, haihuwa a wuri marar tsabta, doguwar naƙuda, ɓarin da bai fita duka ba, da zubar da ciki a hannun wanda ba gwani ba. Akwai irin ciwon sanyin da ba ya nuna wata alama a jikin mace har sai ya gama ɓarna. Tarin fuka ma kan iya kama mahaifa, haka nan tsargiya, wadda ake ɗauka wajen wanka da wanki a kududdufai da madatsun ruwa.

Na biyu shi ne rashin fitar ƙwai. Alamarsa ita ce al'adar da ba ta da tsayayyen lokaci, ko mai tsallake watanni. Daga cikin dalilansa akwai rikicewar sinadaran jiki da ke zuwa da ƙiba da fitowar gashi a haɓa, da ciwon maƙoƙo, da yawan sinadarin nono, wanda ke sa mace ta ga ruwan nono alhali ba ta goyo. Tsananin rama ko tsananin ƙiba duk suna iya dakatar da ƙwai. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, sannan nono bai zo ba kuma al'ada ba ta dawo ba, tana buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba.

Na uku shi ne lalurar mahaifar kanta, kamar ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita a tsakanin matan Afirka, ko mannewar cikinta bayan wankin ciki da aka yi da ganganci. Yankan gishiri da cusa magungunan matsi ko kanwa ko alif a gaba kan jawo rauni da tabo, wani lokaci har su rufe hanya. Matan da suka gamu da yoyon fitsari sakamakon doguwar naƙuda su ma da yawa kan sha wahalar sake samun ciki. Cibiyar kula da masu wannan lalura da ke Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan Dokta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana aiki, ta yi wa dubban mata gyara.

Musabbabai daga ɓangaren namiji

Masana sun tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da ba su haihu ba, akwai hannun matsalar namiji, ko ita kaɗai ko tare da ta mace. Wajibi ne a bambance ƙarfin mazakuta da ikon haihuwa. Namiji na iya zama lafiyayye a shimfiɗa, yana fitar da maniyyi mai kauri, amma ƙwayoyin da ke ciki su yi ƙaranci, ko su kasa motsi, ko ma babu su sam. Ido ba ya gane wannan, sai madubin ɗakin gwaji. Haka nan kasancewar mutum ya taɓa haihuwa shekara goma da suka wuce ba hujja ce ta lafiyarsa a yau ba.

Ciwon sanyin da ba a yi maganinsa yadda ya kamata ba yana toshe hanyar maniyyi. Hangum, idan ya kama namiji bayan balaga ya sauka a maraina, yana iya lalata su. Akwai kumburin jijiyoyin maraina, da marainan da ba su sauko ba tun ƙuruciya, da raunin da aka samu wajen aikin gwaiwa ko ƙaba a hannun wanda bai ƙware ba. Ciwon suga da sikila da tsargiya suna da nasu tasiri, kuma fitsarin jini ga yaro cuta ce mai magani, ba alamar balaga ba. Taba sigari da wiwi da giya da ƙwayar tiramadol suna rage ƙwayoyin maniyyi. Manoman da ke feshin maganin ƙwari da na ciyawa a gonakin masara da auduga da waken suya ya kamata su riƙa rufe jiki da hanci, su kuma yi wanka bayan feshi, domin an danganta daɗewa cikin wasu daga cikin waɗannan sinadarai da raunin maniyyi. Allurar sinadarin maza da wasu ke yi don ƙarin kuzari tana dakatar da samar da ƙwayoyin maniyyi.

Jita-jita da kwantaccen ciki

Ƙwayoyi da allurai da ashanar hannu na tazarar haihuwa ba sa hana haihuwa har abada. Allurar wata uku kan jinkirta dawowar ƙwai, wani lokaci har kusan shekara guda bayan an daina, amma yana dawowa. Shayarwa ma kan jinkirta shi. A shekarar 2003 an yaɗa cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa, abin da ya sa aka dakatar da shi a wasu jihohin Arewa har zuwa 2004, cutar kuma ta sake bazuwa. Yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan zamani yau su ne iyaye masu goyo.

Batun kwantaccen ciki na buƙatar natsuwa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yarda da tsawon zaman ciki na shekaru a wajen hukuncin nasaba, kuma wannan fage ne na alƙalai. Ta fuskar jinya kuwa, macen da al'adarta ta ɗauke ko cikinta ya tasa na tsawon watanni ba tare da haihuwa ba, ya kamata a yi mata gwajin fitsari da sikanin. Sau da yawa abin da ake gani shi ne ƙarin mahaifa, ko cikin da ya lalace bai fita ba, ko rikicewar sinadarai, ko kuma ɗaukewar al'ada ta manyanta. Zaman jiran irin wannan ciki ya tashi yana cinye shekarun da mace ke da sauran damar haihuwa a cikinsu.

Inda za a nufa

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya ta mazaɓa ko asibitin hedikwatar ƙaramar hukuma, inda za a saurari bayani, a duba alamun ciwon sanyi, a auna jini, a kuma rubuta takardar turawa gaba. Mataki na biyu shi ne manyan asibitocin gwamnati kamar na Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara. Idan ana buƙatar ƙwararren likitan mata ko na mafitsara, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa a birnin Katsina, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga mutumin Damari da Sabuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ya fi birnin Katsina kusa.

Binciken rashin haihuwa ba ya ƙarewa a zuwa ɗaya, kuma wasu gwaje-gwajen suna da ranaku na musamman. Ganin matsalar tsaro da ta addabi hanyoyin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara a shekarun nan, yana da kyau ma'aurata su nemi likita ya haɗa musu gwaje-gwaje a tafiya guda, su tanadi masauki wajen 'yan'uwa a Funtuwa ko Zariya, su guji tafiyar dare. Ana so mace ta rubuta ko ta sa a rubuta mata ranakun fara al'adarta na wata uku zuwa shida, a kuma adana duk takardun gwaji da kwalayen magungunan da aka taɓa sha.

Gwaje-gwaje

Gwajin maniyyi ya kamata ya zo da wuri, domin yana cikin mafi sauƙi da araha, kuma babu zafi a cikinsa. Namiji zai ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7, sannan a kai abin da ya bayar ɗakin gwaji cikin sa'a guda. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana sa ran samun aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita. Idan sakamako bai yi kyau ba akan maimaita bayan kimanin wata uku, saboda samar da sababbin ƙwayoyi na ɗaukar fiye da wata biyu, kuma zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya ɓata sakamako na ɗan lokaci. Kuskure ne babba a yi ta ɗura wa mace magani ko a kai ta ɗakin tiyata alhali ba a auna mijinta ba.

Ga mace, akwai sikanin don duba mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, da gwajin jini don tabbatar da fitar ƙwai, wanda akan yi kimanin kwana 7 kafin al'ada ta gaba. Akwai kuma hoton bututu, inda ake tura wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto a ga ko ya wuce. Ana yin sa ne bayan ɗaukewar jini, kafin rana ta 10 ko kusa da haka, kuma yakan zo da murɗar mara na ɗan lokaci. Akwai ma'auratan da za a gama duk gwaji ba a ga komai ba, kuma da yawansu kan haihu daga baya.

Magunguna da tiyata

Magani na bin abin da gwaji ya nuna. Idan ciwon sanyi ne, dole a yi wa miji da dukkan matansa magani a lokaci guda, in ba haka ba cutar za ta yi ta zagaye gidan. Maganin yana kashe cuta, amma ba ya buɗe bututun da ya riga ya toshe, shi ya sa gaggawa ke da muhimmanci. Idan ƙwai ne ba ya fita, akwai ƙwayoyi irin su Clomid da letirozol, waɗanda ake sha kwana biyar a farkon wata bisa kulawar likita, galibi ba fiye da wata shida ba. Sayen su a kemis ba tare da gwaji ba ɓarnar kuɗi ce ga mai toshewar bututu, kuma suna iya kumbura ma'ajiyar ƙwai. Yawan sinadarin nono da ciwon maƙoƙo suna da nasu magunguna masu aiki sosai.

Ana cire ƙarin mahaifa ta hanyar tiyata a bar mahaifar, ana raba mannewar ciki, ana kuma ɗaure jijiyoyin maraina da suka kumbura. Idan raunin maniyyi kaɗan ne kuma bututun mace a buɗe yake, ana iya tace maniyyin miji a sanya shi kai tsaye cikin mahaifa a ranar fitar ƙwai. Duk macen da ke neman ciki ana so ta riƙa shan ƙwayar folik asid kullum tun kafin ya shiga. Wadda ta taɓa ciwon bututu, in ta yi ɓatan wata sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefen mara tare da jiri ko ɗigon jini, a garzaya da ita asibiti nan take, domin cikin na iya zama a wajen mahaifa, kuma yana kisa.

Dashen ƙwai

Wannan hanya, wadda a asibiti ake kira IVF, an ƙirƙiro ta ne tun asali domin masu toshewar bututu. Ana yi wa mace allurai na kimanin mako biyu don ƙwai da yawa su nuna, a zuƙo su da siririyar allura, a haɗa su da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da ɗaya ko biyu cikin mahaifarta. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya ranar 25 ga Yuli, 1978, a garin Oldham na Ingila, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards, kuma Edwards ya sami lambar yabo ta Nobel a 2010. A 1992 likitoci a Beljiyam suka fito da dabarar cusa ƙwayar maniyyi guda ɗaya cikin ƙwai, wadda ta buɗe ƙofa ga maza masu ƙarancin ƙwayoyi. A Nijeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie ne suka fara aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a shekarun 1980, sannan a 1998 Dokta Ibrahim Wada ya yi nasara a asibitin Nisa da ke Abuja. A yau ana yin sa a Asibitin Ƙasa na Abuja da wasu asibitocin kuɗi a Abuja da Kano da Legas.

Ya kamata a shiga da ido buɗe. Kowane zagaye na cin miliyoyin Naira, kuma galibin tsare-tsaren inshorar lafiya ba sa ɗaukar nauyinsa. Ga macen da ba ta kai shekara 35 ba, nasara a zagaye guda kimanin ɗaya ce cikin uku, kuma tana raguwa ƙwarai bayan shekara 40. Kafin a sayar da gona ko shanu, a tambayi likita jimillar kuɗin har da magunguna, da kuma abin da za a yi idan zagayen farko bai kama ba.

Matsayin addini

Alƙur'ani mai girma, a Suratus Shura aya ta 49 da ta 50, ya bayyana cewa bayar da 'ya'ya da hana su duk ikon Allah ne, kuma tarihin Annabi Ibrahim da Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare su, ya nuna cewa jinkirin haihuwa ba alamar fushin Ubangiji ba ce. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta dashen ƙwai idan akwai buƙata, da sharaɗin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta ne, kuma a mahaifarta za a mayar. Ta haramta karɓar ƙwai ko maniyyin wani, da hayar mahaifa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta taɓa halatta sanya ɗan tayin mace a mahaifar kishiyarta a 1984, amma ta janye wannan fatawa a 1985 saboda gudun cakuɗewar nasaba. Mabiya addinin Kirista su tuntuɓi shugabannin majami'unsu, domin ɗarikoki sun bambanta a kan batun, kuma Cocin Katolika ba ta amince da dashen ƙwai ba.

Halin da ma'aurata ke shiga

Wanda bai ɗanɗana ba ba zai san nauyin jiran wata ba. Mace kan ƙirga kwanaki, ta yi murna da jinkirin kwana uku, sannan jini ya zo. A kan wannan ake ƙara mata da habaicin kishiya da gorin dangin miji da kalmar juya, wani lokaci kuma takardar saki ko fargabar makomarta in miji ya rasu. Namiji shi ma yana da tasa damuwar, sai dai yakan ɓoye ta a bayan ƙarin aure. Magidancin da ya auri mace biyu ko uku babu wadda ta haihu, ko wanda matar da ya saka ta haihu a wani gida, shi ya fi kowa buƙatar gwaji.

Wannan hali ba sabo ba ne a ƙasarmu. Baba, wata dattijuwa 'yar garin Karo, wadda baturiya Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta yi aure huɗu ba ta taɓa haihuwa ba. Duk da haka ta riƙe 'ya'yan dangi ta raine su, ta tsufa da mutunci a cikin jama'arta. Al'adar riƙo hanya ce mai daraja wadda Musulunci ya yarda da ita, matuƙar yaro ya ci gaba da amsa sunan mahaifinsa, kuma tunda ɗan riƙo ba ya gado, ana iya yi masa kyauta ko wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba.

Gargaɗi kan masu yaudara

Duk wanda ya yi alƙawarin ciki cikin kwana arba'in, ko ya hana a je asibiti, abin tuhuma ne. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ce ta cewa yana kawo haihuwa ba, kuma wasu jiƙe-jiƙe na lalata ƙoda da hanta. A 2024 wani binciken BBC ya fallasa wasu wurare a Jihar Anambara da ke yi wa mata allurai su kumbura ciki, a ce musu sikanin ba zai ga jaririn ba, daga ƙarshe a miƙa musu jaririn wata. Cikin gaskiya yana fitowa a gwajin fitsari da sikanin a kowane asibiti.

Aikin jami'ai da shugabannin al'umma

Hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai su ne muryar da magidanta suka fi saurara, kuma kalma guda daga gare su kan wajabcin auna miji ta fi sanarwa goma. Kwamitocin raya mazaɓu su ƙarfafa awon ciki da haihuwa a gaban ma'aikaciyar lafiya, su tanadi abin hawa don mai doguwar naƙuda, su kuma ja hankalin wanzamai da ungozomomi su bar yankan gishiri. Ma'aikatan lafiya su riƙe sirri, domin a ƙaramin gari tsoron fallasa ne ke hana maza zuwa, su kuma tura ma'aurata gaba da wuri maimakon maimaita musu maganin sanyi wata da watanni. Masu sulhunta rikicin aure su tambayi ko an auna ɓangarorin biyu kafin a kai ga rabuwa.

Kammalawa

Ma'auratan da suka cika shekara ba a sami ciki ba, ko wata 6 idan matar ta kai shekara 35, su tafi asibiti tare, a auna miji tun a zuwan farko, a bi matakai daga cibiyar mazaɓa zuwa babban asibiti, a haɗa da addu'a da kyautata wa juna. Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, Ya raya wa waɗanda suka samu, amin.